Inshorar lafiya ga mai sana'ar kansa a Kumasi: abin da za ka fara yi, da abin da zai biyo baya

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani in ya kwanta ciwo, albashinsa na ƙarshen wata yana nan, kason inshorarsa kuma an cire tun kafin kuɗin su iso hannunsa. Tela a Aboabo, mai walda a Suame Magazine, direban pragya (keke mai ƙafa uku) da ke jigila tsakanin Asawase da Sawaba, Hajiya mai koko da ƙosai a ƙofar masallaci, babu wanda ya yi musu wannan tanadi. Su ciwo ta fuska biyu yake cin su: kuɗin asibiti suna fita, ciniki kuma ya tsaya cak. Mako biyu a gadon asibiti sun isa su cinye jarin da aka yi shekara ana tarawa.

Saboda haka babu inshora guda ɗaya da za ta wadatar da mai sana'ar kansa. Hawa-hawa ake gina abin, a fara da mai arha wanda ya fi ɗaukar nauyi, sannan a toshe inda ya bari. Wanda ya tsallake na farko ya ruga wajen kamfani mai tsada ya yi asara, wanda kuma ya tsaya a na farko yana zaton ya gama zai sha mamaki a tagar karɓar magani.

Mataki na farko: duba ko katinka yana da rai

Yawancin mutanen zango sun taɓa yin katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa. An kafa ta ne da dokar shekarar 2003 zamanin shugaba Kufuor, don a kawar da tsarin da ake cewa sai ka ajiye kuɗi kafin likita ya taɓa ka, aka kuma sake dokar a 2012. Matsalar ba rashin kati ba ce. Matsalar ita ce katin shekara guda yake aiki, kuma ba ya yin ƙara ranar da ya mutu. Yana nan cikin jaka, fes da shi, da hotonka a kai, sai ranar da zazzaɓi ya kayar da kai a duba a kwamfuta a ce ai ya ƙare tun watanni biyar.

Ɗauki waya yanzu ka danna *929#. Ba sai babbar waya ba, ƙaramar nan mai madannai ma tana yi, kuma ba ya buƙatar intanet. Zaɓi wurin duba ingancin kati, ka sa lambar da ke jikin katin, saƙo zai zo da ranar ƙarewa. In ya mutu ko ya kusa, ta nan ɗin dai za ka sabunta, a cire kuɗin daga MoMo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya. Tun ƙarshen 2018 ake wannan, amma har yau akwai dattawan da ke sammako su je ofis su yi layi don abin da jikansu zai yi musu cikin minti uku. Kar ka goge saƙon da ya tabbatar da biyan.

Abin da ya sa nake cewa yanzu, ba gobe ba, shi ne ƙa'idar jira. Sabon mai rajista yana jiran wata guda kafin katin ya fara aiki. Wanda ya bar nasa ya mutu fiye da wata uku shi ma in ya sabunta sai ya jira wata guda. Mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ne wannan jira bai shafa ba. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, takan yafe jiran a lokacin gangamin rajista, amma ciwo ba ya duba kalandar hukuma. Wanda ya sabunta mataccen kati a kan benci na asibiti, da jiki yana rawar ɗari, zai biya na yau daga aljihunsa.

Dabarar da nake ba mutane ita ce su ɗaura duba katunan gida da wani lokaci da ba a mantawa, kamar shigowar azumi. Shekarar musulunci ta gaza ta bature da kusan kwana 11, don haka kullum kana gaba da ranar ƙarewa, ba baya ba. A jera katunan duk gidan a kan tabarma, na maigida, na uwargida, na yara, na tsohuwa, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta ranar kowanne a bayan kalanda.

Tun da kana cikin *929# ɗin, haɗa katinka da Ghana Card, wato katin shaida na ƙasa. In an haɗa, Ghana Card ɗin kaɗai ya isa ka nuna a asibiti. Inda ake samun cikas shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa, kuma wannan ya yi yawa a cikinmu: a wannan kati Mohammed, a wancan Muhammad, nan Abubakar can Bukari, shekarar haihuwa kuma kowane kati da tasa. In haɗin ya ƙi, sai ka je ofishin NHIS na gundumarka da katunan biyu a gyara.

Mataki na biyu: in ba ka taɓa yi ba

Je ofishin NHIS mafi kusa da Ghana Card ɗinka, ko ka yi ta manhajar MyNHIS in kana da babbar waya. Dokar ta yi maganar mazaunin Ghana ne, don haka ɗan'uwan da ya zo daga Nijar ko Najeriya ya zauna a Kumasi yana sana'a kar ya ɗauka ba shi da rabo. Ya je ofis ya tambayi takardar shaidar da za su karɓa daga gare shi.

Kuɗin ba su da yawa, kuma akwai dalili. Mafi yawan abin da ke tafiyar da shirin daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari yake fitowa, wanda aka ɗora a kan kaya da hidimomi, sai kason da ake cirewa daga gudummawar ma'aikata a SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa. Wato duk lokacin da ka sayi kati na waya ko kaya a babban kanti ka riga ka zuba. Wanda bai yi kati ba yana biya wa wasu ne, shi bai mora ba. Abin da aka ɗora wa mai sana'ar kansa kai tsaye, shekara da shekaru yana tsakanin sidi 7.20 zuwa sidi 48 a shekara gwargwadon gunduma, da ɗan kuɗin yin kati. Wayarka za ta nuna maka ainihin adadin kafin ka amince a cire. Ko nawa ne, bai kai kuɗin gwajin jini da maganin zazzaɓin cizon sauro na zuwa ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda aka yafe wa kuɗin shekara. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 da dattawa daga 70 zuwa sama ɗan kuɗin kati kawai suke biya, haka masu zuba gudummawa a SSNIT da 'yan fanshonta. Mata masu ciki kyauta ne tun 2008. Marasa galihu da ofishin jin daɗin jama'a ya tantance da masu karɓar LEAP, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, su ma ba sa biya. Idan a layinku akwai tsohon da ba shi da mai duba shi, kai shi a tantance shi aiki ne na yini ɗaya, kuma ya fi tara masa kuɗi a masallaci bayan ciwo ya ci ƙarfinsa.

Mai ciki ta je da katin awo ko sakamakon gwajin ciki, a yi mata rajista nan take. Katin yana ɗaukar awo, haihuwa, tiyatar ciro jariri in ta kama, da duba bayan haihuwa. Jariri yana cin albarkacin katin uwarsa watanni ukun farko. Kafin su cika a yi masa nasa. Ana gama hidimar suna a sa wannan a gaba, don shi ne abin da aka fi mantawa.

Mataki na uku: san iyakar katin

A nan ya kamata a daɗe, domin yawancin ɓacin rai a asibiti daga nan yake. Hukumar tana cewa katin yana ɗaukar kusan kashi 95 cikin ɗari na cututtukan da ake gani a ƙasar. Gaskiya ne ta fuskar yawan zuwa asibiti: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon ƙirji da tari, ƙuraje, hawan jini, ciwon suga, asma, gyambon ciki, kwanciya a ɗakin gama-gari, tiyatar ƙaba da ta afendis, ɗinkin rauni, hatsari da duk abin gaggawa. A ido yana ɗaukar gwaji da cire yana. A haƙori yana ɗaukar cirewa da cikewa. Yana ɗaukar sankarar mama da ta bakin mahaifa. A 'yan shekarun nan an ƙara wasu nau'o'in sankarar yara guda huɗu, da maganin hydroxyurea na masu sikila, da hanyoyin tazarar haihuwa na asibiti. A ƙarshen 2024 aka shigar da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, da wankin ƙoda a cibiyoyin da aka amince da su.

Amma sauran kashi biyar ɗin nan su ne masu sa a sayar da fili. Dashen ƙoda ko wata gaɓa ba ya ciki. Tiyatar zuciya ko ƙwaƙwalwa ba ta ciki, sai in hatsari ne ya jawo. Sauran nau'o'in sankarar manya ba sa ciki. Wasu manyan hotunan zuciya da jijiyoyi ba sa ciki. Tabarau, na'urar ji, haƙoran roba, ƙafar roba, duk daga aljihu. Neman haihuwa ta hanyar dashe, ɗakin alfarma, gwajin lafiya don biza ko lasin tuƙi ko neman aiki, magani a ƙasar waje, ajiyar gawa, babu ko ɗaya. Maganin da ba ya cikin jerin magungunan hukuma shi ma kai za ka saya. Maganin tarin fuka da na ƙanjamau da rigakafin yara ba ta katin suke bi ba, amma gwamnati tana bayar da su kyauta ta wasu shirye-shirye, don haka kar wani ya sayar maka da su.

A 2025 gwamnati ta kafa wani asusu da ake kira MahamaCares don taimaka wa masu manyan cututtuka masu daɗewa, irin su sankara da ciwon ƙoda da na zuciya, inda katin bai kai ba. In irin wannan ya faɗo wa gidanku, tambayi likita ko ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin yadda ake nema, tun kafin a fara sa kadara a kasuwa.

Mataki na huɗu: shiga asibiti ta ƙofar da ta dace

Kowa a Kumasi in jiki ya yi tsanani Gee yake tunani, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Amma tsarin inshora daga ƙasa yake farawa. Za ka fara da ƙaramin asibiti ko na gunduma, irin su Manhyia, Tafo, Suntreso, ko Kumasi South da ke Atonsu, ko wani asibitin mishan ko mai zaman kansa da hukumar ta amince da shi. In abin ya fi ƙarfinsu su rubuta maka takardar turawa zuwa gaba. Wanda ya tsallake ya tafi babban asibiti kai tsaye ba takarda, ba kuma gaggawa ba, yana iya tarar da katinsa bai yi masa aiki ba. Gaggawa daban ce: hatsari, suma, zubar jini, naƙuda mai wuya, a tafi mafi kusa, ko a kira 112 don motar asibiti.

Ba kowane asibiti mai zaman kansa ne ke karɓar katin ba, wasu kuma suna karɓa don ganin likita amma gwaji da magani su ce ka biya. Tambaya tun a teburin buɗe folda, kafin a auna jininka.

Sai maganar da kowa ya sani. Ka nuna kati, ka ga likita, ka iso tagar magani, a miƙo maka farasitamol da ɗan maganin ƙarin jini a leda, sauran ukun a rubuta a 'yar takarda a ce je ka saya a waje. Ko a ce gwajin nan sai ka cika sidi kaza. Wani lokaci gaskiya ne maganin ba ya cikin jeri, ko ya ƙare, domin asibitoci sun daɗe suna kukan jinkirin biyansu da tsadar kaya. Wani lokaci kuma caji ne da hukumar kanta ta ce haramtacce ne. Ba faɗa ake yi ba, tambaya ake yi. Na ji wata dattijuwa mai sayar da atamfa ta yi ta yadda ya kamata a wata taga:

"'Yata, wannan da kika ce in saya, ba ya cikin na inshora ne, ko ƙarewa ya yi?"

"Wannan samfurin ba ya ciki, Mama."

"To akwai ɗan'uwansa da ke ciki, mai aiki iri ɗaya? In akwai, in koma wajen likita ya canza mini."

Aka duba, akwai. Sau da yawa bambancin sunan kamfani ne kawai, sinadarin ɗaya ne. In kuma maganin yana cikin jeri amma ya ƙare, nemi a rubuta maka a takardar inshora ka kai kantin maganin da hukumar ta amince da shi. Duk abin da ka biya, karɓi rasit mai hatimi, wanda ya faɗi abin da aka biya wa. In ka ga an zalunce ka, kira hukumar a 6447 ko ka kai rasit ɗin ofishin gunduma. Mu mutanen zango muna da saurin cewa a bar wa Allah, kuma haƙuri abu ne mai kyau, amma ƙorafin da ba a rubuta ba ba ya gyara komai ga wanda ke bayanka a layi.

Mai hawan jini ko ciwon suga shi ya fi kowa cin ribar katin, in ya riƙe ranar komawa asibiti. Maganin wata-wata da ake saya a kemis ba awo ba gwaji, a sha in kai ya yi ciwo a bari in ya lafa, shi ne hanyar shanyewar ɓarin jiki da mutuwar ƙoda.

Mataki na biyar: kuɗin ranar da ba ka fita ba

Duk abin da ya gabata kuɗin magani ne. Katin ba ya biyan cefane, ba ya biyan hayar shago, ba ya biyan kuɗin da mai pragya ke kai wa mai keke kowace yamma, ba ya biyan motar zuwa asibiti da abincin mai jinya. Wannan ramin kai za ka cike shi, kuma hanya uku ce.

Ta farko ajiya ce ta musamman wadda ba a haɗa ta da jari. Lissafa abin da gidanka ke ci a yini, ka ninka sau talatin: wannan shi ne abin da kake nema ka tara. Ba a rana ɗaya ba. Mai ajiye sidi 5 kullum yana da 150 a wata, 1,800 a shekara. Inda ake ajiyewa shi ne muhimmi. In kuɗin suna cikin MoMo ɗin da kake ciniki da shi, ranar da kaya suka sauka da arha a kasuwar Kejetia za su tafi, ka ce gobe ka mayar. Buɗe wani layi daban, ko asusu a bankin da Babban Bankin Ghana ya ba lasin, ko ka ba mai susu, wato mai karɓar ajiyar kullum, da ka san gidansa da ofishinsa. Waɗanda suka ga yadda kamfanonin ajiya da yawa suka rufe a 2019 da kuɗin 'yan kasuwa a ciki ba sa buƙatar a ja musu kunne a kan masu alkawarin riba mai yawa.

Ta biyu asusun ƙungiya ne. Kusan kowa a zango yana cikin wata ƙungiya: ta mahauta, ta teloli, ta direbobi, ta mata masu adashi, ta samarin majalisa. Muna da ƙoƙari wajen biki da suna da rasuwa, har anko ake fitarwa, amma ciwo sai ya faru ake yawo da faranti. Adashi kuma ba ya maganin wannan, don kwasa bi da bi ce, ciwo kuwa ba ya bin layi. Abin da ke aiki shi ne a ware wani ɗan kaso daban, a ce sidi 10 kowane mutum a wata. Mutum 30 sun tara 300 a wata, 3,600 a shekara. Sai a rubuta dokoki tun kowa yana lafiya, domin ranar da ɗan'uwa ke kwance kunya ba za ta bari a yi magana ba. A rubuta nawa ake bayarwa ga wanda aka kwantar, daga kwana nawa, sau nawa a shekara, ko ya haɗa da mata da yara, da wata nawa sabon shiga zai zuba kafin ya cancanta. Mutum biyu ko uku su sa hannu kafin kuɗi su fita, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Sharaɗin da na fi so shi ne wannan: ba a ba wanda katinsa ya mutu. Ƙungiya ma tana iya sabunta wa kowa daga asusun a rana ɗaya. Ta haka kuɗin ƙungiya suna tafiya ne inda gwamnati ba ta kai ba, maimakon a ƙone su a kan abin da kati zai ɗauka.

Ta uku ita ce ƙaramar inshorar waya, irin aYo da ke tafiya da MTN, ko BIMA. Ana cire 'yan kuɗi kaɗan daga katin waya ko MoMo, in an kwantar da kai a asibiti su biya ka wani adadi a kan kowane dare, wasu kuma da abin da za a ba iyali in an rasu. Kuɗin hannunka suke zuwa, ka yi cefane ko ka biya haya. Ba su maye gurbin katin NHIS, kuma ba su biyan zuwa a dawo. Kafin ka amince, tambayi dare nawa sai ka yi kafin a fara biya, iyakar darare a shekara, ko haihuwa da tsohon ciwo suna ciki, da kwana nawa kake da su don kai buƙata bayan sallama. Takardar sallama daga asibiti ita ce hujjarka, kar ka fita ba ita, ka kuma ɗauke ta hoto. Sannan ka gaya wa matarka ko babban ɗanka cewa kana ciki. Mutane da yawa ana cire musu kuɗin nan wata da watanni, sun danna wani abu sun manta, an kwantar da su an sallame su ba su nemi ko kwabo ba.

Mataki na shida: SSNIT, ga mai ɗan ƙarfi

Da yawa suna zaton SSNIT ta masu albashi ce kawai. Mai sana'ar kansa yana iya shiga, kuma tun 2023 hukumar ta buɗe shiri na musamman don jawo su. Kai za ka faɗi abin da kake samu a wata, ka zuba kashi 13.5 cikin ɗari, kana iya biya ta MoMo. Wanda ya faɗi sidi 1,000 zai zuba 135. Ya fi kuɗin kati nesa ba kusa ba, don haka ba don kati ake shiga ba, ko da yake mai zubawa an yafe masa kuɗin shekarar NHIS. Abin da ake saya shi ne fansho a shekara 60 ga wanda ya zuba aƙalla wata 180, da abin da magada za su karɓa, da fanshon naƙasa ga wanda ciwo ko hatsari ya hana shi aiki har abada, in ya zuba wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe. Ga mai walda da idonsa ne jarinsa, ko birkila mai hawa bene, wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne.

Kamfanoni masu zaman kansu

Akwai su, irin su Nationwide, Acacia da Glico, kuma hukumar NHIA ce ke ba su lasin. Amfaninsu shi ne asibitoci masu zaman kansu, ƙarancin layi, da magungunan da jerin gwamnati bai ɗauka ba. Yawancin cinikinsu da kamfanoni ne masu yi wa ma'aikata a dunƙule. Na mutum ɗaya ko iyali yana da tsada, ya ninka kuɗin NHIS sau da yawa. A ganina mai matsakaicin ciniki ya bar wannan sai ya kammala matakan baya. Babban ɗan kasuwa mai shaguna a Adum ko dillalin shanu da yini ɗaya a layin asibiti ke jawo masa asara mai yawa, shi yana iya dubawa.

In za ka duba, kar ka tsaya a kan takardar talla. Nemi jerin asibitocinsu na Kumasi, ka kira biyu ka ji ko har yanzu suna karɓar katin. Tambayi iyakar abin da za su biya a shekara, na kwanciya daban na zuwa a dawo daban. Tambayi hukuncin ciwon da kake da shi tun kafin shiga, domin nan ne aka fi kayar da mutane, kuma ɓoye shi yana ba su hujjar ƙin biya. Tambayi watannin jira kafin haihuwa da tiyata su shiga. Duk amsar da wakili ya ba ka da baki, ya nuna maka ita a rubuce. Ko ka shiga, kar ka bar katin gwamnati ya mutu, don ranar da ka cinye iyakar kamfani shi za ka koma wa.

Wasu suna jin nauyin duk abin da ake kira inshora saboda addini, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta haramta inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin, ta halatta ta taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Malamai da yawa suna sa shirin gwamnati irin NHIS da asusun ƙungiya a ɓangare na biyu, tun da ba riba ake nema da su ba. Inshorar waya da ta kamfani su ne inda saɓani yake, wasu suna sassautawa saboda buƙata. Kai wa malaminka takardar sharuɗɗan ya gani da idonsa, kar ka tambaye shi da suna kawai.

Masu yara a ƙarƙashinsu, da masu tuƙi

Maigidan gareji ko shagon ɗinki ko rumfar nama, yaran da ke koyon aiki a wurinka in sun ji ciwo kai za a nema, ko iyayensu suna Bawku ko Yendi. Ranar da aka kawo maka yaro, kafin ya taɓa sifana ko almakashi, tambayi katinsa. In bai kai 18 ba ɗan kuɗin kati ne kawai. Haka Hajiya mai waakye da 'yan matan da ke taya ta, da kayayo da ke ɗaukar mata kaya kullum. Rubuta lambobin katunansu a littafin shago, domin yaron da ƙarfe ya sare wa hannu ba zai tuna inda ya ajiye kati ba.

Direba kuma ya sani cewa inshorar dole ta abin hawa ba takardar nuna wa ɗan sanda ba ce kawai. Ita ce ke biyan diyyar fasinja ko mai tafiya a ƙasa da aka ji wa rauni, in ta gaskiya ce kuma tana da rai; in ta bogi ce, daga aljihunka za a nema. Wanda mota ta buge ta gudu, ko wadda ba ta da inshora, akwai asusun diyya a Hukumar Inshora ta Ƙasa da zai iya nema. Ko ta wace hanya, rahoton 'yan sanda da rahoton likita da rasit ɗin duk abin da aka kashe ake tambaya, don haka wani daga cikin dangi ya fara tattara su tun daga ranar farko, ko da an zauna sulhu a gaban manya.